Tafiyarmu Yankari: Abin da Muka Gani da Bashin da Muka Dawo da Shi

(Jawabin da ɗaya daga cikin 'yan ƙungiya ta karanta a madadin waɗanda suka yi tafiyar, ranar bikin zagayowar shekara)

 

Uwar ƙungiya, Hajiya Shugaba, Ma'aji, Sakatariya, Malamarmu ta ajin yaƙi da jahilci, iyayenmu mata da ke zaune a gaba, yayye da ƙanne da suka taso tun daga Baure da Zango da Sandamu da Mai'adua, muna yi muku barka da zuwa, barkanmu da ganin wannan rana. Allah ya ja zamanin Mai Martaba Sarkin Daura, Alhaji Umar Faruk Umar, ya zaunar mana da ƙasarmu lafiya.

An ce mu tashi mu ba da labarin tafiyar da mu goma sha takwas muka yi a ƙarshen hunturun da ya wuce. Mun san ba kowa ne a ɗakin nan ya ji daɗin tafiyar ba. Maganar ta zaga kasuwa, ta shiga gidajen suna, har ta dawo kunnenmu: wai an ɗebi ribar ƙungiya an tafi kallon birai. To, ba za mu yi fushi ba, don akwai gaskiya a ciki, birai dai mun gan su, har sun yi mana sata. Amma ku ba mu aron kunnuwanku mu faɗi komai daga farko, mai daɗi da marar daɗi, sannan ku yanke hukunci. Takardar nan da hannunmu muka rubuta ta, dare uku muna kai. In kun ji mun yi tuntuɓe a karatu, ku yi mana uzuri, shekararmu huɗu ke nan da fara riƙe biro.

Tun kafin mu taka mota aka fara samun cikas. Maigidan ɗaya daga cikinmu ya ji an ce za mu hau Dutsen Dala a hanya, sai ya ce matarsa ba za ta je wurin tsafi ba. Muka ɗauki maganar muka kai wa malamin unguwa. Ya tambaye mu, za ku yi yanka ne? Muka ce a'a. Za ku roƙi wani abu a wurin dutse? Muka ce Allah ya kiyaye. Ya ce to ku je ku gani, ku gode wa Allah da ya shiryar da kakanninku, amma kada ku tafi babu muharrami. Shi ya sa maza uku suka raka mu, har da shi mai ƙorafin. Kuma wallahi shi ya riga kowa kaiwa saman dutsen.

Mun bar Daura bayan sallar asuba, muka bi ta Kazaure da Dambatta, muka shiga Kano ta wajen Dawanau da hantsi. Dala kuwa a tsakiyar gidaje yake, ka ratsa lungu ka ratsa lungu sai ka gan shi tsaye a gabanka, ja wur. An yi masa matakala, amma duk da haka mai ciwon gwiwa ta ji a jikinta. Inna, wadda kun san ta fi mu duka shekaru, sau uku tana zama tana cewa ku tafi ku bar ni. Ba mu bar ta ba. Daga sama ana ganin Kano shimfiɗe kamar an baza tabarma, ga Goron Dutse can, ga hasumiyoyin babban masallaci, ga hayaƙin gari.

Wani dattijo a wurin ya ba mu tarihi. Ya ce a da can, kafin Musulunci ya zauna, mutanen wurin suna da abin bautarsu da suke kira Tsumburbura, an kewaye shi da katanga, ba mai shiga sai babbansu, Barbushe. Shi zai shiga ya fito ya gaya wa mutane abin da shekara za ta zo da shi. Sai ya tambaye mu daga ina muke. Da muka ce Daura, sai ya gyara tsayuwa ya ce ashe iyayen gida ne. Ya ce Bagauda, sarkin Kano na farko, wanda ake lissafin sarautarsa daga shekara ta 999, ɗan Bawo ne, jikan Bayajidda. Kun ji fa. Mu da muke wuce rijiyar Kusugu kullum da tallanmu a ka, wasunmu ba su taɓa leƙa ta ba, sai da muka je Kano aka tuna mana ko mu su wane ne. Na Tsumburbura kuwa ko tubali ɗaya ba mu gani ba, sai yara suna wasa da awaki suna kiwo.

Daga Kano muka bi ta Wudil zuwa Birnin Kudu. Nan ma duwatsu ne, manya-manya, wani a kan wani kamar an jera tukwane. Akwai Dutsen Mesa da Dutsen Habude, inda mutanen da suka yi zanen shanu a jikin dutse, ba wanda ya san sunansu. Sai ka kusanta sosai kake gane zanen. 'Yar'uwarmu mai sayar da nono, da yake Bafillatana ce, ita ta fara lura. Ta ce ku duba, shanun nan ba su da tozo. Haka ne kuwa, ƙaho dogo, baya a shafe, ba irin shanun da ake kaiwa kasuwar Mai'adua ran Lahadi ba. Akwai kuma duwatsun da in ka buga su da ƙaramin dutse sai su yi ƙara kamar ƙarfe, har wurin bugun ya lotsa saboda daɗewa. Mai nuna mana wurin ya ce a da amaren garin sukan je can kafin a kai su ɗaki. Muka ɗan buga muka yi dariya, muka yi azahar, muka kama hanya.

Ga inda asara ta fara. Mun kusa Ningi, wajen la'asar, motar da muka yi haya ta fara tari, ta tsaya cak. Sai da aka nemo bakanike a kan babur, shi kuma ya ce sai an sayo wani ƙarfe daga Bauchi. Dole muka kwana a Ningi, kwanan da ba ya cikin lissafi, ga kuɗin masauki, ga na abinci, ga rabin kuɗin gyara da muka ɗauka don kada mu kwana biyu. Laifinmu ne. Mun zaɓi motar da ta fi araha, alhali mu 'yan kasuwa ne, mun fi kowa sanin cewa araha ba ta ado. Washegari muka wuce mashigar gandun Sumu, inda aka ce akwai raƙuman dawa da jakunan dawa da aka kawo daga Namibiya, amma ba mu shiga ba, aljihu ya riga ya yi rauni.

Daga Bauchi hanyar Gombe ake bi, a Dindima a karkata dama, a miƙe har ƙauyen Mainamaji, cikin ƙaramar hukumar Alkaleri. Nan ƙofar Yankari take. A bakin ƙofar akwai alluna da rubutu, kuma muna so Malama ta ji wannan: ba mu jira maza sun karanta mana ba. Mun tsaya mun haɗa baƙi da wasali, abin da yake Turanci ɗan Ma'aji ya fassara, muka rubuta sunayenmu a littafin baƙi ɗaya bayan ɗaya, ba wadda ta dangwala yatsa. Ma'aikacin ya gaji da jiranmu, mu kuwa ko a jikinmu.

Abin da muka rubuto game da wurin shi ne, an keɓe dajin a 1956, aka buɗe shi ga masu ziyara a 1962. Gwamnatin tarayya ta karɓe shi a 1991, sannan ya koma hannun jihar Bauchi a 2006. Faɗinsa ya haura murabba'in kilomita 2,200. Mu wannan lissafin bai shiga kanmu ba sai da muka ga daga ƙofa zuwa masauki kaɗai tafiyar kusan kilomita 40 ce, ba gona, ba gida, ba ko mai saran itace ɗaya.

A wannan hanyar ne Inna ta yi shiru. Da farko mun zaci jiri ne na mota. Can sai muka ji tana kiran sunaye a hankali kamar mai gaida mutane: ga marke, ga taura, ga maɗaci, ga kanya, ga ɗinya, wancan kawo ne, wancan madobiya. Ta ce rabonta da ganin itatuwa sun haɗa kai haka, har rana ba ta taɓa ƙasa, tun tana yarinya ana aikenta itace a ƙauyensu. Ta ce a lokacin ba a barin yaro ya yi nisa da magariba saboda kura, kuma barewa har bakin gona take zuwa. 'Yan matan da ke cikinmu, biyu ne, suka ce Inna, a ƙasar Daura? Ta ce a ƙasar Daura. Ba su yarda ba, mun gani a fuskarsu. Mu da muke tsakiya, 'yan arba'in da wani abu, mun riski ƙarshen abin: mun ci taura da kanya na bayan gari, amma 'ya'yanmu sai dai su gan su a faranti a kasuwa.

Masaukin sunansa Wikki, kuma masu gidan na gaskiya gwaggon biri ne da gadu. Gadu yana yawo tsakanin ɗakuna da 'ya'yansa, jela a sama, yana durƙusawa a kan gwiwa yana cin ciyawa, ba ruwansa da kowa. Gwaggon biri kuwa ɓarawo ne mai lasisi. An gargaɗe mu mu rufe ƙofa da taga, mun ji. Amma Sakatariya ta ajiye ledar dambun nama da ƙuli-ƙuli a kan dakali don ta ɗaura zane, kafin ta juyo wani ƙato ya sure ta, ya hau rufi, ya zauna yana kwancewa a tsanake yana kallonmu. Guzurin kwana biyu ke nan. Wanda ya ce mun je kallon birai, to su ma sun kalle mu, kuma su suka ci riba.

Ƙasa da masaukin, in ka sauka matakala, akwai ruwan Wikki. Daga ƙarƙashin wani dutse yake fitowa, garau, kana ganin farin yashi a ƙasa da yatsun ƙafarka. Ba sanyi ba zafi, ɗumi ne kamar ruwan wankan jariri, kuma an ce haka yake dare da rana, rani da damina, awo 31 a ma'aunin zafi. Mun je da sassafe kafin maza su sauko, muka tattare zane muka shiga zuwa gwiwa. Mai yi mana jagora ya ce lita miliyan 21 yake fitarwa kullum. Ma'aji, kun san ta da lissafi, nan take ta ciro waya ta raba da jarka mai lita 25, ta ce jarka 840,000 ke nan a rana. Muka yi salati. Kowace a cikinmu ta san nawa take ba mai ruwa a wata, ta san ranar da famfo ya ƙi kawowa. Ba wadda ta yi magana na ɗan lokaci.

Da yamma aka ɗauke mu a buɗaɗɗiyar mota, da ma'aikaci mai bindiga, aka bi gefen kogin Gaji. Da rani duk namun dajin nan suke taruwa saboda ruwa, shi ya sa aka ce mana kada mu zo da damina, ciyawa takan rufe komai. Mun ga gwambaza garke guda, mun ga mazo, mun ga ɓauna daga nesa, baƙaƙe, sun ɗago kai suna kallonmu, mun ga kada kwance a bakin ruwa kamar gungume. Zabin daji kuwa ba a magana, ga burtu yana takawa kamar wani attajiri. Giwa fa? Ba mu gan ta ba, ba za mu yi muku ƙarya ba. Mun ga kashinta, mun ga sawunta wanda Inna ta sa ƙafafunta biyu a ciki, mun ga reshen da ta karya. Ma'aikacin ya ce giwayen Yankari suna cikin mafi yawa da suka rage a Najeriya, amma dajin da faɗi, sai mai rabo. Ya ce wani lokaci sukan fita su shiga gonakin ƙauyukan gefe su yi ɓarna a dare ɗaya. Mu 'ya'yan manoma ne, mun san zafin wannan, ba mu ce masa komai ba.

Washegari aka kai mu kogunan da ake kira Mashal, sunan wani Bature mai bincike da ya bayyana su a 1980. Ɗakuna ne 59 da mutane suka fafe a jikin dutse, ƙofar kowane ƙarama, sai da rarrafe ake shiga. An ce mafaka ce ta zamanin yaƙe-yaƙe da kamun bayi. Wata daga cikinmu ta leƙa ta fito ta ce, yanzu a nan mace za ta yi jego? Daga can sama kana hango daji har iyakar ganinka, da tuddai masu shafaffen kai, ɗaya ana ce masa Kalban.

A hanyar dawowa daga kogunan ne abin da muke so ku riƙe ya faru. Inna ta ga maɗaci, ta ciro 'yar wuƙarta za ta ɓanɓari ɓawo kaɗan don maganin ciki. Ma'aikacin ya ce, Iya, don Allah mayar da wuƙar, ko tsinke ba a fita da shi daga nan. Ta ce ɗana, ɗan wannan? Ya ce Iya, in kowa ya ɗebi ɗan wannan, shekara nawa zai kai? Ya nuna mana ɗakin ajiya da ke masauki, cike da tarkuna da bindigogin da aka ƙwace daga mafarauta, da fatu da haure. Ya ce akwai abokan aikinsu da suka rasa rayukansu a gadin dajin nan. Inna ta mayar da wuƙarta. A mota ta ce mana, namu dajin ba wanda ya ce mana mu mayar da wuƙa.

To, 'yan'uwa, mu yi wa kanmu adalci. A ɗakin nan mu nawa ne masu tuyar ƙosai da awara da ƙuli-ƙuli? Mu nawa ne masu dafa daddawa, wadda take cin wuta kwana da yini? Duk da itace muke yi. Ba mu muka sare daji da gatari ba, amma a murhunmu ya ƙare. Kuma mu ne dai muke kuka yanzu: kalwa sai an kawo mana daga nesa, man kaɗe sai daga kudu, tsamiya da kuka sun yi tsada, damin itacen da muke saya bana ba ya kai rabin na shekarun baya. Jarinmu a jikin itatuwa yake rataye, ba mu taɓa rubuta shi a littafin ƙungiya ba.

Kuma ba sai an je Bauchi ba. Ku da kuke ƙetarawa ta Kongolam zuwa Matamaye, ko ta Zango da Baure zuwa Magarya, kun ga yadda gawo ya cika gonakinsu. Ba ruwan sama suka fi mu ba. Abin da suke yi shi ne, in manomi yana sassabe ya ga toho daga kututture, ba ya sare shi, sai ya rage rassan ya bar biyu ko uku su tashi. Suna ce masa sassaben zamani. Gawo kuma kun san halinsa, da damina yake zubar da ganye, ba ya hana gero rana, ga taki ga abincin dabbobi. Da yawanmu muna da gayauna ko gonar gado, muna da 'ya'ya maza masu yin sassabe. Wannan ba ya buƙatar ko sisi, magana ce kawai za mu yi a gida.

Yanzu maganar kuɗi, wadda ita kuka fi jira. Kashi biyu cikin uku na kuɗin tafiyar daga adashinmu ya fito, mu da muka je. Kashi ɗaya daga ribar ƙungiya. An yanke shawarar a taron da 'yan'uwanmu na Baure da Zango ba su samu zuwa ba, kuma ba a aika musu ba kafin a taɓa kuɗin. Wannan kuskure ne, ba mu da abin karewa, muna neman afuwarku. Sannan lalacewar mota ta sa mun ƙara cin wani abu a kan abin da aka amince. Lissafin duka, har kuɗin ruwan leda, yana shafin ƙarshe na wannan mujalla, kowa ta duba, wadda ba ta iya karatu ba tukuna ta sa ta kusa da ita ta karanta mata. Mu goma sha takwas mun zauna mun yarda za mu mayar da wannan ƙarin daga aljihunmu, kaɗan-kaɗan kowane mako, mu gama kafin Babbar Sallah. Mun riga mun biya mako biyar, Ma'aji tana nan, ta ƙaryata mu in ba haka ba ne.

Abin da muke roƙo a kaɗa ƙuri'a a kai yau, kada a rufe asusun tafiya. A bar shi, amma a sa masa doka: ba a taɓa shi sai kowane reshe ya sa hannu, kuma tafiya ta gaba waɗanda ba su je ba su ne a gaba, mu mu zauna mu yi musu gadin rumfa. Ba dole sai Yankari ba. In kuɗin bai kai ba, Dala da Birnin Kudu tafiyar yini ɗaya ce. Ta farko ma muna ganin a fara da Kusugu da fada, da ƙafa, mu tafi da 'ya'yanmu mata.

Sai maganar dashe. Muna so kowace 'yar ƙungiya ta dasa itace biyu in damina ta sauka: zogale ɗaya a tsakar gida, wanda za ta fara tsinka a shekarar, da ɗorawa ko tsamiya ɗaya a gona. Ɗorawa tana daɗewa, takan shekara bakwai, takwas ko fiye kafin ta ba da kalwa, wasunmu ba lallai su ci ba. Inna ta ce a rubuta sunanta na farko duk da haka. Matsalar ita ce awaki, kun san su, don haka wadda za ta dasa ta tanadi ƙaya ko tsohon kwando tun yanzu. A hanyar dawowa mun sayi kalwa ɗanya mudu biyu a bakin titi, mun tara ledojin ruwa da aka sha, 'yan matanmu sun cika su da ƙasa da taki a bayan gidan Hajiya Shugaba. Zuwa jiya da yamma guda 64 sun tsiro. Wadda take so ta ga Sakatariya bayan an ci abinci ta rubuta sunanta da kanta.